DAGA DUWATSU UKU ZUWA TUKUNYAR GAS: ME YA SA GOGGONA TA KOMA WA ITACE?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni a hankali.

Kwanakin baya na je gida Baturiya, na shiga gaida goggona. Ina zaune a ɗakinta sai idona ya faɗa kan tukunyar gas mai kilo 6 da na sayo mata shekara biyu da suka wuce. Tana can lungu bayan gado, an ɗora mata faranti, an jera kwanuka a kai. A tsakar gida kuwa jikarta ce durƙushe gaban murhu tana ta hura ɗanyen itace, idanu sun yi jawur, hawaye na zuba.

Na ce, "Goggo, ina gas ɗin da na kawo miki?"

Ta ce, "Yana nan, Allah ya yi maka albarka. Amma ɗan nan, abin nan naku ai na dafa shayi ne. Ran da na ɗora masa tukunyar tuwo na sa muciya, saura ƙiris ya kife mini a ƙafa. Kuma in ya ƙare, wa zai ɗauke shi ya je mini Haɗeja?"

Wallahi da farko raina bai so ba, don na ɗauka irin ƙin sabon abu ne na tsofaffi. Da na zauna na yi tunani sai na ga ni ne ban gane ba. Ƙorafi biyu ta kawo: murhun bai dace da tukunyarta ba, kuma makamashinsa ba ya kusa da ita. In ka bi tarihin murhu, a nan ko a Turai, waɗannan abubuwa biyu ne ke raya kowane sabon murhu ko su kashe shi. Shi ya sa na ce bari in rubuto abin da na sani.

Mu fara da namu na gado. Masu ilimin boko sun saba raina murhun duwatsu uku, alhali duk wanda ya taɓa tuƙa tuwon mutum goma sha biyar ya san akwai basira a cikinsa. Tukunyarmu gindinta kewayayye ne, ta ƙasa ce ko ta dalma, kuma abu mai kewayayyen gindi a kan ƙafa uku yake zama daram. In tukunyar babba ce a ja duwatsun baya, in ƙarama ce a matso da su. Yana ƙasa-ƙasa, mace za ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta tokare tukunya, ta sa ƙarfinta duka a muciya. Ba ya zaɓen abinci: itace, karan dawa, kashin shanu, ƙodagon goriba, duk yana ci. Kuma ko kwabo ba a saye shi ba.

Aibinsa biyu ne, kuma manya ne. Na ɗaya ɓarna: masu auna irin waɗannan abubuwa sun nuna abin da ke shiga tukunya daga zafin wutar bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, saura iska ke kwashewa. Murhun gas kuwa yakan kai rabi ko fiye. Na biyu hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mutum kimanin miliyan 3.2 suka mutu a duniya sakamakon cututtukan da hayaƙin cikin gida ke jawowa. Mu nan ba ma kiransa da wannan suna. Cewa muke tsohuwa tana fama da tari, ko idonta ya yi hazo, ko yaro ya kamu da ciwon haƙarƙari.

Muna yara, maganar sayen itace a Baturiya abin dariya ne. Fadama ce ta kewaye mu, ga gabaruwa, ga giyayya, ga kanya, ga goriba ba iyaka. Busasshen reshe kawai za ka tsinto. Amma tun kafin a haife da yawanmu abubuwa suka fara sauyawa. Fari ya auku a farkon shekarun 1970, ya sake dawowa a 1984. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ruwan da ke malalowa fadama duk shekara ya sauya hali, itatuwan da rayuwarsu ta dogara da wannan ambaliya suka fara bushewa a wasu wurare. A lokaci guda birane na ta girma, manyan motoci na fita da itace daga wannan yanki zuwa Kano da sauran garuruwa. A 2008 aka sa dausayin Baturiya cikin jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu a duniya, saboda tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a wurinmu. Takarda ta ce wurin a kare yake. Cikin mutum kuma ya ce sai an dafa tuwo yau da dare. Kun san wanda ke cin nasara a tsakaninsu.

To shi gas ɗin daga ina ya fito?

A Ingila aka fara. Wani ma'aikacin kamfanin gas a garin Northampton mai suna James Sharp ya yi rajistar murhun gas a 1826, ya buɗe masana'antarsa a 1836. Gas ɗin wancan zamani daga kwal ake fitar da shi, ana tura shi gidaje ta bututu, kuma don fitila aka fara kawo shi. An baje kolin murhun gas a babban bikin nune-nunen Landan na 1851, amma mutane ba su rungume shi ba sai bayan shekaru kusan talatin. Ku lura da wannan. Su ma Turawan sai da suka yi irin ta goggona: tsoro, tsada, da ƙorafin cewa abincin ba ya daɗi.

Abin da ya gyara wutar kanta daga Jamus ya zo. A 1855 Robert Bunsen, malamin kimiyya a Heidelberg, ya fito da kan wuta mai ƙaramar kafa a gindi, wadda ke barin iska ta gauraya da gas kafin ya kama. Sai harshen ya koma shuɗi, ya ƙara zafi, ya daina baƙanta tukunya. Duk kan gas ɗin da ke gidanka yau a kan wannan dabarar yake. Saboda haka in ka ga wutarka ta koma rawaya tana yi wa tukunya baƙi, kafin ka zargi mai sayar da gas duba kafar iskar nan, wataƙila miya ce ko ƙura ta toshe ta.

Gas na tukunya, wanda ake ɗauka a babur, daga Amurka ya samo asali. Wajen 1910 wani masani, Walter Snelling, ya gano cewa iskar da ke tashi daga fetur za a iya matse ta ta zama ruwa a cikin tukunyar ƙarfe. Wannan ne ya raba gas da bututu, ya ba shi damar zuwa ƙauye. A 1923 wani kamfanin Ingila ya sa wa tandun gas ɗinsa maɓalli mai suna Regulo, wanda ke riƙe zafi a mataki ɗaya ba sai mai gashi ta tsaya a kai ba. Warin nan kuma da muke ji in gas na yoyo, ba nasa ba ne, zuba masa ake yi da gangan. A 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a New London ta jihar Texas, ya fashe, kusan mutum 300 suka mutu, yawancinsu yara. Bayan nan ne aka kafa dokar sa masa wari. Daga baya aka ƙaro maɓallin da ke kunna wuta ba ashana, da na'urar da ke datse gas in iska ta kashe wutar.

Duk waɗannan ci gaba ne na gaske, ba na musu. Sai dai ku dubi wanda aka ƙera wa su: mace mai girki a tsaye, cikin rufaffen kicin, da ƙaramar tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi, tana dafa wa mutum huɗu. Ba wanda ya zauna a Northampton yana tunanin talge da muciya, ko iskar hunturu a tsakar gida.

Mu kuwa sabon murhun da ya fara shiga gidajenmu sosai risho ne. Sunan ma daga Faransanci ya zo mana. Akwai mai famfo irin na Primus, wanda aka fara ƙerawa a Suwidin a 1892, mai ƙara kamar jirgi zai tashi, sai kuma mai lagwani wanda ya fi yawa. Wanda ya yi makarantar kwana ko zaman gwauro a shekarun 1980 ya san shi: gyaran lagwani da almakashi, warin kananzir a shinkafa, da yayyafa ruwa in za a kashe. Ya shiga kayan ɗakin amare har ya zama in babu shi kayan ba su cika ba. Me ya sa ya karɓu? Don kananzir ana sayar da shi a kwalba, har rabin kwalba, a kowane lungu, tun da dama da shi ake kunna fitilar ƙwai da aci-balbal. Amma ko a lokacin, ku tuna da kyau, a gidan yawa risho na ruwan zafi ne da ɗumame. Tuwon dare yana kan duwatsu.

Ranar da kananzir ya yi wuya, risho ya fara mutuwa. A zamanin Janar Sani Abacha, tsakanin 1993 da 1998, layin mai ya zama ruwan dare, sai maƙera suka fito da murhun gwangwani mai cin garin katako ko gawayi, jama'a suka laƙaba masa sunan Abaca, sunan da bai bar shi ba har yau. Ba jami'a ce ta ƙera shi ba, ba gwamnati ce ta raba shi ba, wuya ce ta koya wa mutane. Daga baya an yi shekaru farashin kananzir na gwamnati yana naira 50 lita a takarda, amma talaka bai taɓa ganinsa a haka ba. A 2016 aka janye tallafin gaba ɗaya. Yau kananzir ya zama kayan masu hali, risho kuma ya koma kwandon 'yan gwangwan. Waɗanda suka bar shi, kaɗan suka hau gas, da yawa suka gangara gawayi da kurfoti. Gawayin nan kuwa kirya ce da marke ake sarewa.

Yanzu mu leƙa maƙwabta, don akwai darasi.

Senegal ta fara shirin mayar da girki kan gas tun 1974, bayan farin da ya cinye mata itatuwa. Shekarun farko abin bai yi armashi ba. Ƙaramar tukunya ce mai kilo 2.75, ta yi wa girkin babban gida kaɗan. A 1983 aka fito da mai kilo 6 da suke kira Nopale, da kan wuta a ɗaure a samanta da kewayen ƙarfe mai riƙe babbar tukunyar shinkafa da kifi irin tasu. Da aka haɗa da tallafin farashi a ƙarshen shekarun 1980, sai Dakar ta koma girki da gas. Wato sai da aka auna tukunyar matan ƙasar aka ƙera murhu a kanta, sannan aka sauko da kuɗin. Irin wannan ƙirar ce ta yaɗu a Afirka ta Yamma, ita ce kakar wadda na saya wa goggo. Ta dace da shinkafa, don shinkafa ba a tuƙa ta. A nan ne ta gaza a wurinmu.

A Nijar kuma, a shekarun 1980, aka yaɗa murhun ƙarfe mai cin itace da aka sa wa suna da Hausa, Mai Sauƙi. Dabararsa ita ce tukunya ta nutse a cikinsa, bango ya kewaye ta da 'yar tazara kaɗan, zafi ya bi jikinta maimakon ya watse. Kowace lambar tukunya da nata murhun, kuma maƙeran kasuwa aka koya wa yin sa da tsohon ƙarfe. Bayan an buɗe matatar mai ta Zinder a 2011, gas ya wadata a biranen Nijar fiye da da. Wanda ke zuwa Maraɗi ko Damagaram ya ga yadda 'yar tukunyar nan ta shiga har rumfar mai shayi.

Mu ma an yi ƙoƙari. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana ƙera murhu mai tsimin itace. A Kaduna ƙungiyar DARE ta yaɗa wani murhun bakin ƙarfe mai suna Save80, wanda aka ce yana rage cin itace da kashi 80 cikin ɗari, yanzu har ana ƙera shi a Kano. Abin tambaya shi ne, murhu nawa daga cikin waɗannan ka taɓa gani a kasuwar Haɗeja, a jere kusa da tukwane, da farashin da mai sayar da ƙosai za ta iya biya?

Abin takaicin shi ne gas ɗin muna da shi. Kamfanin NLNG ya fara fitar da gas daga Bonny zuwa ƙasashen waje a 1999, sai a 2007 ya fara ware na girki domin kasuwar cikin gida. A 2021 gwamnatin Buhari ta ayyana shekaru goma na gas. A 2024 aka amince da manufar ƙasa kan girki mai tsafta, aka kuma sanar da hana fitar da gas ɗin girki da ake samarwa a gida. Amma har yanzu tankar da za ta kawo shi Jigawa daga bakin teku take tasowa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin kowace tafiya ya ƙaru. Kafin ya iso Haɗeja ya yi tsada, kafin ya iso Baturiya an ƙara kuɗin babur zuwa da dawowa. In damina ta yi ƙarfi hanya ta yanke, kamar yadda muka gani a ambaliyar 2022, to sai dai kwalekwale. Itace kuwa ana sayen na yau a dafa na yau.

Shi ya sa duk lokacin da na ga hoton ɗan siyasa yana raba wa mata tukwanen gas, goggona nake tunawa. Indiya ta raba wa miliyoyin mata matalauta gas a shirin da ta fara a 2016, kuma babbar matsalar da suka ci karo da ita ita ce da yawa in na farko ya ƙare ba sa iya sake cikawa a kai a kai. Indonesiya da ta fara nata a 2007 ta fi dacewa, don ta yi 'yar tukunya mai kilo 3 mai rahusa, ta kai ta kantin kowace unguwa. Raba tukunya aikin yini ɗaya ne, cika ta kuwa aikin kowane wata.

Akwai kuma wani ɓangaren da masu maganar gas ba sa kallo. A yankinmu ba girkin gida kaɗai ke cin itace ba. Akwai masu bandar kifi, akwai matan da ke turara shinkafa a manyan tukwane, akwai gidajen burodi, akwai masu tsire da masu suyar ƙuli. Waɗannan gungume suke sawa. Ba wanda zai yi bandar tarwaɗa da gas, don hayaƙin shi ne sana'ar. Abin da suke bukata tanda ce mai tsimi. A Ghana tun 1969 aka fito da tandar banda ta Chorkor, a wata unguwar masunta ta Accra, tare da matan da ke sana'ar: ginin laka ne mai ƙofar wuta, ana jera tirori masu raga a kansa hawa-hawa, wuta ɗaya ta gasa kifin da a da sai an hura wuta uku ko huɗu. Laka muna da ita, kafintoci muna da su.

Ga kuma kacalla, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama gidan jan-baki. A kwarin kogin Senegal, ɓangaren Muritaniya, an koya wa mutanen ƙauye yanke ta su mayar da ita gawayi. A nan kwarin Haɗeja ma an yi gwajin fitar da iskar girki daga ita a ƙarƙashin shirin TRIMING, da hannun Jami'ar Tarayya ta Gashuwa. Abin da ke kashe mana fadama zai iya zama abin da zai sauƙaƙa wa itatuwanta, in an fitar da aikin daga matakin gwaji.

Ni dai ga abin da na yi a ƙaramin matakina. Na ɗauki tukunyar tuwon goggo, ita kanta, na kai wa wani mai walda a Haɗeja. Na sayi kan gas na ƙarfe mai faɗi a kasuwa, da tiyo da regileta masu kyau. Na ce ya yi mini mazauni gajere, mai ƙafa uku a buɗe, da zobe wanda gindin tukunyar zai zauna a ciki, da bangon langa-langa mai tare iska. Ya auna, ya yanka, ya gyara har sau biyu. Yanzu tukunyar gas tana gefe can nesa da wuta, tukunyar tuwo tana ƙasa daidai gwiwa. In kun lura, duwatsu uku ne muka sake yi da ƙarfe.

Ga mai son gwadawa, don Allah a kiyaye. Mai walda mazauni kawai zai yi, kada a bari wuta ko guduma ta taɓa tukunyar gas. A duba shekarar da aka buga a jikinta, don hukumar SON ta sa mata wa'adin shekara 15. Gas ɗin nan ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, saboda haka ba a kwana da shi a rufaffen ɗaki, balle bayan gado kamar yadda na tarar. Gwajin yoyo da ruwan kumfa ake yi, ba da ashana ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce goggo ta bar itace ba. Da na kira ta shekaranjiya ta ce ta tuƙa tuwo a kai sau uku bai motsa ba, kuma ranar da aka kwana ana ruwa itace ya jiƙe, shi ya fitar da su kunya. Amma ta ce tana lallaɓa shi ne, don ba ta san ranar da zan sake zuwa in cika mata ba. Ƙorafinta na farko mai walda ya magance shi da kuɗi kaɗan. Na biyun ya fi ƙarfina, ya fi ƙarfin mai walda.

A nan nake kira ga shugabannin ƙananan hukumominmu na Kirikasamma, Guri da Auyo, da 'yan majalisarmu, da 'yan kasuwarmu masu hali. Kafin a sake sayo tukwane a raba, a fara tunanin wurin cikawa mai lasisi kusa da mutane, ko motar da za ta riƙa zuwa ranar kasuwa a musanya wadda ta ƙare da cikakkiya. Makarantunmu na koyon sana'a da Binyaminu Usman Polytechnic da ke Haɗeja su sa ɗalibai su fita da ma'auni su auna tukwanen iyayensu, su zauna da masu banda da masu turara shinkafa su ji abin da suke so. Kuma duk wanda zai kawo mana sabon murhu, ko daga ina ya fito, a ba wa tsohuwa muciya ta gwada shi a gabansa kafin a sa hannu a takarda.

Wanda ya san wani maƙeri ko mai walda a yankinmu da ke irin wannan aiki, ya sanar da mu don wasu su amfana. Iyayenmu mata kuma da ke karanta wannan, ku ne masu abin, in na yi kuskure a gyara mini.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya raya mana fadamarmu.